Tikitin jiran gurbi: shawara ga matuƙan ƙananan jirage da iyalansu

Da zarar yaro ya zama matuƙin jirgin sama, sai labari ya karaɗe gari cewa gidansu sun daina biyan kuɗin jirgi. A Magarya ko Dungas, kafin ka ce kwabo, kawu da gwaggo sun fara lissafin zuwa Yamai. To, a bi a hankali.

Abin da kamfani ke bai wa ma'aikacinsa tikitin jiran gurbi ne. Wanda aka fi sani shi ne ID90: an yafe maka kashi 90 cikin 100 na farashi, harajin filin jirgi kuwa daga aljihunka zai fito. Akwai kuma ZED, wanda ke ba ka damar hawa jirgin wani kamfanin da rangwame, in dai akwai yarjejeniya tsakaninsa da naku. Sharaɗin duka biyun ɗaya ne. Sai duk mai cikakken tikiti ya shiga, sannan a kira masu jira, kuma su ma akwai layi. Ma'aikatan kamfanin da ke da jirgin ke gaba da na wasu kamfanoni, kuma a kamfanoni da yawa wanda ya riga ka kama aiki shi ke riga ka zama.

Matuƙin ƙaramin kamfani ya fi kowa jin jiki a nan. Jirage masu farfela irin su Fokker 50 da ATR 72 kujerunsu 50 ne zuwa 70 da 'yan kai, kuma filin jirgin Damagaram ba Kano ba ne, inda in wannan ya cika anjima wani zai tashi. Sannan ga abin da 'yan'uwa ba sa ganewa: ana iya barin ka a ƙasa alhali kana hangen kujeru babu kowa. A zafin Afrilu da Mayu, sa'ad da ma'auni ke haura 40, iska kan yi sako-sako, nauyin da jirgi zai iya tashi da shi ya ragu, kuma mai jiran gurbi ake fara ragewa. Lokacin hunturu kuma, in hazo ya sa aka soke tashin jiya, fasinjojin jiyan su za su cinye gurbin yau.

Saboda haka kada ka ɗora tafiyar da ke da ƙayyadaddiyar rana a kan wannan tikiti. Ɗaurin aure, ganin likita, jarrabawa, musamman komawa bakin aiki: sayi cikakken tikiti. Kamfani ba ya karɓar uzurin rashin gurbi daga matuƙin da ya makara. Kafin Baba ya baro Dungas, ka duba yawan waɗanda suka yi rajista, ka zaɓi ranar da ba ta kusa da salla ko jigilar alhazai, ka kuma riƙe masa kuɗin mota, don Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne.

Nemi dokar kamfaninku a rubuce, ka ga su wa ta amince da su. Galibi mata, 'ya'ya da iyaye ne. Mai mata fiye da ɗaya ya tambayi mutum nawa ake yi wa rajista, tun kafin maganar ta zama rigimar cikin gida. Sayar da wannan dama kuwa, ko da ga ɗan'uwa na jini ne, laifi ne da kan kai ga kora daga aiki.