Darasin Wannan Wata: Ba a Cinikin Biri a Sama

Karatu: Karin Magana 14:15, Luka 14:28-30, 1 Timoti 6:6-10.

Manufa: Mu koyi yadda za mu auna tallar sana'a ko kwas na neman kuɗi da ta zo daga nesa, tun kafin kuɗinmu ya bar hannunmu.

Bayan girbin bara na ziyarci wata ƙungiyarmu ranar taronta. Wani ɗan'uwa, mai ƙwazo ne a gona da ikkilisiya, ya miƙe da wata takarda a hannu. Takardar ta ce in ya aika kuɗi za a aiko masa da littattafan koyon sana'a da kayan farawa, kuma kamfanin da kansa zai riƙa sayen duk abin da ya yi. Ya roƙi a ranta masa daga kuɗin da ƙungiya ta tara domin takin damina, zai mayar kafin ruwa ya sauka. Rabin jama'a suka goyi bayansa, rabi suka yi shiru. Ma'aji ya dube ni. Wannan darasi shi ne amsar da na ba su, na ƙara mata bayani domin sauran ƙungiyoyi.

A zamanin iyayenmu irin wannan takarda takan zo cikin ambulan ta gidan waya, ko a gan ta a shafin baya na jarida, a ce a aika da fasal oda. Yau takan shigo ta wayar hannu, ta WhatsApp ko Facebook. Hanyar ce ta sake, amma dabarar tana nan yadda take.

1. Ciniki daga nesa ba laifi ba ne

Kada mu yi wa kowa kuɗin goro. A Amurka, inda ciniki ta gidan waya ya yi ƙarfi, manoma ne suka fara cin moriyarsa. A 1872 wani mutum mai suna Montgomery Ward ya buga takarda guda ɗaya a birnin Shikago mai jerin kaya 163 da farashinsu, yana aika wa mutanen ƙauye. Da yawa cikin masu sayen kayansa na farko 'yan wata ƙungiyar manoma ne. A 1875 ya yi alkawari cewa wanda bai gamsu da kaya ba ya mayar, a ba shi kuɗinsa.

Haka ma karatu. Malamai da akawuna da yawa a ƙasarmu sun ci jarrabawa ta wurin darussan da aka riƙa aiko musu daga makarantu irin su Wolsey Hall ta Oxford a Ingila. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, ta horar da malamai masu yawa suna zaune a garuruwansu.

Ku lura da abin da ya haɗa waɗannan. Akwai kaya na ainihi mai farashi sananne. Akwai jarrabawa da takardar shaida wadda hukuma ta yarda da ita. Ba wanda ya yi wa kowa alkawarin arziki cikin wata uku.

2. Tambaya mafi girma: wa zai ci kayan a ƙarshe?

Kowane manomi ya san inda kuɗin masararsa ke fitowa. Ɗan kasuwa ya saya, ya kai birni, mai tuwo ta saya, iyali suka ci. Akwai baki a ƙarshen hanya. To, kowace tallar sana'a sai a yi mata wannan tambaya: in na yi kayan nan, wane ne zai yi amfani da su, ban da wanda ya sayar mini da kayan farawa? Ga misalai uku na inda aka manta da wannan tambaya.

Na fari, wata tsohuwar talla a jaridun Amurka takan ce za a biya mutum ladan cusa takardu cikin ambulan yana zaune a gida, sai dai ya fara aika kuɗin rajista. In ya aika, abin da ke zuwa masa shi ne umarni ya buga irin wannan talla da sunansa, ya karɓi kuɗin waɗansu. Babu aiki, sai dai wanda aka cuta ya zama macuci.

Na biyu, a Afirka ta Kudu a 1984 aka yi wata sana'a da ake kira Kubus. Mutum ya sayi wani gari mai tsada ya zuba cikin madara, ta yi tsami ta yi fata a sama, ya shanya fatar, ya aika wa kamfani ta gidan waya, a biya shi. Aka ce man shafawa za a yi da ita. Ashe abin da mutane ke aikowa shi ake niƙawa a sayar wa sababbin shiga a matsayin garin farawa. Da hukuma ta hana, dubban mutane suka yi hasara.

Na uku ya fi kusa da mu, gama manoma masu bi ne abin ya shafa. A ƙasar Kanada wani mai suna Arlan Galbraith ya kafa kamfanin tantabaru. Yakan sayar wa manomi tantabarun kiwo da tsada, ya sa hannu cewa zai sayi 'ya'yansu shekara da shekaru a farashi mai kyau. Da yawa cikin waɗanda suka shiga 'yan ikkilisiyoyin Menonait da Amish ne na Kanada da Amurka, mutane masu aiki da riƙon amana. Shekaru da dama yana biya a kan kari, maƙwabci ya gaya wa maƙwabci, waɗansu suka ci bashi suka gina ɗakunan tsuntsaye. Amma babu kasuwar da ke ɗauke tantabarun. 'Ya'yan da ya saya daga wannan manomi su yake sayar wa sabon manomi. A 2008 kamfanin ya faɗi, aka bar mutane da bashi da tsuntsayen da ba mai so. A 2014 kotu ta ɗaure shi shekara 7 da 'yan watanni.

Ku riƙe wannan da kyau: biyan farko ba shaidar gaskiya ba ne. Mai kamun kifi ma yakan sa tana a ƙugiya. Ɗan'uwan da ya ce muku, "Ni an biya ni," ba ƙarya yake yi ba, amma bai san daga aljihun wa aka biya shi ba.

3. Lissafin "kawo mutum biyar"

Wata tallar kuma ba ta da kaya ko kaɗan, sai dai a ce ka biya, ka kawo waɗansu. A 1935, lokacin matsin tattalin arziki, wata wasiƙa ta cika gidan wayar birnin Denver a Amurka. Tana ɗauke da sunaye 6. Ka aika wa na sama kwabo 10 na kuɗinsu, ka share sunansa, ka sa naka a ƙasa, ka aika wa mutum 5. Aka ce in sunanka ya kai sama mutum 15,625 za su aiko maka. Cikin 'yan makonni abin ya mutu, gama mutanen da za a aika wa sun ƙare.

Magatakarda ya rubuta wannan a allo kowa ya gani: 5, 25, 125, 625, 3,125, 15,625. A ci gaba da ninkawa sau biyar. A hawa na 12 ana bukatar mutum 244,140,625, wato kamar dukan mutanen Nijeriya har da jarirai. Saboda haka dole abin ya tsaya, kuma in ya tsaya waɗanda ke ƙasa, su ne mafi yawa, su za su yi kuka. Mun ga irinsa a ƙasarmu da MMM, wanda ya yi alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata, ya kuma rufe asusun mutane a Disamba 2016, dab da Kirsimeti.

A nan akwai magana ga lamirinmu. Ko da ka shiga da wuri ka samu, kuɗin wa ka ci? Na gwauruwar da ka kawo ne, da na ɗan ƙanenka. Manzo Bulus ya gargaɗi Timoti a kan tarkon da masu ɗokin arziki ke faɗawa ciki. Tarkon nan ba aljihu kaɗai yake kamawa ba, yakan raba zumunta. Akwai wuya mutum biyu su zauna a benci ɗaya ran Lahadi alhali ɗaya ya jawo wa ɗaya hasarar kuɗin makarantar yaransa.

4. Yadda za a auna kwas na sana'a

Wani kwas ɗin yana koyar da abu na gaske, kamar yin sabulu ko kiwon zomo, amma alkawarin ribarsa ya wuce hankali. Ubangijinmu Yesu ya ba da misalin mai gini wanda ya kamata ya zauna ya ƙididdige abin da zai kashe kafin ya sa harsashi. Mu ma mu zauna da fensir. Adadin nan misali ne kawai, ku sa farashin kasuwarku.

A ce talla ta ce kwas na sabulu Naira 20,000 ne, kuma za ka riƙa samun Naira 100,000 a wata. A ce kayan haɗi na zubi ɗaya Naira 30,000 ne, suna ba da sabulu 200. In ka sayar da kowane a Naira 200, ka sami 40,000. Cire kayan haɗi, saura 10,000. Cire kuɗin mota da na leda, a ce 3,000, saura 7,000. Ashe sai ka yi zubi 3 ka sayar duka kafin ka mai da kuɗin kwas kaɗai. Domin ka kai 100,000 a wata kuwa, sai ka yi zubi 15, wato sabulu 3,000. Kasuwar ƙauyenku da ke ci sau ɗaya a mako za ta ɗauke wannan? In kuma mutum goma a ƙauyen suka yi kwas ɗin tare fa?

Sai kuma a tambaya: mai koyarwar nan, da sana'ar yake ci ko da sayar da kwas? Wanda ya san ramin da zuma take ba ya yawo yana sayar da taswirarsa. Sau da yawa ilimin da ake so a sayar mana yana nan kusa. Akwai malaman gona na jiha, akwai littattafai da shirye-shiryen rediyo na cibiyar wayar da kan manoma ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, akwai kuma 'yar'uwa a zumuntar mata wadda ta shekara goma tana yin sabulu.

5. Ƙa'idodi domin ƙungiya

A Amurka, tun 2012 doka ta tilasta wa mai sayar da irin wannan sana'a ya ba mai saye takardar bayani kwana 7 kafin ya karɓi kuɗi. A ciki zai faɗi ko an taɓa kai shi ƙara, da sharaɗin mayar da kuɗi, da sunayen waɗanda suka saya kafin kai. In ya yi alkawarin riba, sai ya nuna hujja a rubuce. Wannan doka ba ta aiki a nan, amma ba abin da zai hana mu ɗora wa kanmu hikimarta. Ina ba da shawara kowace ƙungiya ta rubuta waɗannan cikin littafinta:

1. Ba za a biya kome ba sai an kwana 7 ana bincike. In an ce "yau ne ranar ƙarshe", to, a bar shi ya wuce.
2. A karanta takardar da ƙarfi a gaban taro. In an ce kada a gaya wa kowa, wannan kaɗai ya isa dalilin ƙi.
3. A aiki mutum biyu su ga ofishin da idonsu. Lambar akwatin gidan waya ko lambar waya ba adireshi ba ne. Gani ya kori ji.
4. A nemi mai saye na biyu. A ɗauki samfurin kayan a kai kasuwa a ji nawa za a taya.
5. A yi magana da mutum uku da suka shekara biyu cikin sana'ar, waɗanda mu muka nemo da kanmu.
6. Takardar rajistar kamfani tana nuna cewa an rubuta sunansa ne kawai. Ba izinin karɓar jarin jama'a ba ce, ba kuma shaidar riba ba.
7. Kuɗin taki, da na iri, da na baiko, ba za a taɓa su domin gwaji ba. Mai son gwaji ya fara kaɗan, da abin da in ya ɓace gidansa ba zai kwana da yunwa ba.
8. Ayar Littafi Mai Tsarki a kan takardar talla ba hatimin gaskiya ba ce. Kada kuma a yi irin wannan sanarwa daga bagade.

Ƙungiyar da na ambata ta bi shawara ta huɗu. Aka tambayi mai tallar wane kanti ne ke sayar da kayan, domin a je a gani. Sau biyu ana tambaya, amsarsa ita ce a hanzarta biya kafin guraben su cika. Ɗan'uwan nan da kansa ya janye roƙonsa. Ba wanda ya yi masa dariya, gama bukatarsa ta gaskiya ce: yana neman abin yi da rani. Ƙungiya ta ranta masa kuɗi kaɗan daga wani asusu, ya yi lambun albasa a bakin rafi, takin damina kuma ya iso a kan lokaci.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wace talla irin wannan ta taɓa shigowa garinku? Wa ya samu, wa ya rasa?
2. Bisa ga Karin Magana 14:15, mene ne bambancin bangaskiya da saurin yarda?
3. In ɗan'uwa ya riga ya yi hasara, yaya ikkilisiya za ta taimake shi ba tare da kunyata shi ba?
4. Waɗanne sana'o'in rani ne ke da masu saye a kasuwarku yanzu?

Aiki: Kafin taro mai zuwa, kowane gida ya yi lissafin sana'a ɗaya kamar yadda aka nuna a kashi na 4, ya kawo.

Addu'a: A roƙi Allah ya ba mu wadar zuci da hikima, ya ta'azantar da waɗanda aka cuta, ya kuma sa albarka ga aikin hannuwanmu. Amin.