Cire yanar idanu biyu a rana ɗaya

"Likita, tunda yana ta rufe wa Baba idanu duka biyu, me zai hana a yi aikin gaba ɗaya?" Kusan kowane mako sai an yi mini wannan tambayar, kuma tana kan hanya. Kuɗin mota sau ɗaya, jinya sau ɗaya, a rage zarya. Ga kuma waɗanda in an buɗe musu ido ɗaya ba ma sake ganinsu, ɗayan ya zauna da yana har ya jawo hawan jinin ido. A Finlan da Suwidin aikin ido biyu a rana ɗaya ya zama ruwan dare, kuma wani babban gwaji da aka yi a Holan, aka buga sakamakonsa a 2023, ya nuna ganin da ake samu bai gaza na aikin da aka raba ba.

To me ya sa nake jan ƙafa? Ƙwayoyin cuta. In suka shiga cikin ido bayan aiki, gani na iya tafiya cikin kwanaki kaɗan. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma in kayan aiki ko ruwan wankin ido ne suka gurɓata, kuma da su aka taɓa idanun biyu, mutum ba shi da sauran idon da zai dogara da shi. Shi ya sa ƙa'idar aikin take da tsauri: kafin a taɓa ido na biyu, likita ya sake wanke hannu, ya canja riga da safar hannu, a kawo kayan da aka dafa daban, magunguna daga wani rukuni daban, a zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin kowane ido. In an sami matsala a ido na farko, a dakata da na biyu. Asibitin da wuta ke yi wa wasa, ko sansanin aikin kyauta mai cunkoso, da wuya ya iya cika waɗannan sharuɗɗa.

Akwai kuma batun gilashin da ake dasawa a cikin ido bayan an cire yana. In aka raba aikin, sakamakon ido na farko kan taimaka mana gyara lissafin na biyu.

Mai ciwon sukari da ya taɓa bayan ido, ko mai hawan jinin ido, ko mai tabo a baƙin ido, ba na ba shi shawarar yin aikin ido biyu a rana ɗaya. Inda na fi yarda da ita shi ne jaririn da aka haifa da yana, ko wanda dole sai an yi masa allurar barci, domin sa shi barci sau biyu ma haɗari ne.