Darasin Kimiyya: Robar da ke Tsakanin Ƙarfe da Ƙarfe

Ɗalibai, ku ajiye alƙaluma tukuna, ku dubi abubuwa biyun nan da na ɗora a kan tebur. Na hannun dama baƙi ne, ya tsattsage kamar diddigen da faso ya kama a tsakiyar hunturu. Wani bakanike ne ya ciro shi daga ƙarƙashin wata Land Cruiser da ke jigila tsakanin Diffa da Tumur. Na hagu ja ne, sabo fil, yana ƙyalli kamar alawa. Aikinsu ɗaya. Makanikanmu na nan Nijar silanbulok suke ce masa, na tsallaken kogin Komadugu kuma bushin. Zan riƙa cewa bushin don ya fi sauƙin faɗa. Tambayar darasinmu na yau ita ce: in kai ne mai motar, wanne za ka sa a ɗaura maka, kuma don me?

Aikin bushin

Ƙafar mota ba a manne take da jikin motar ba. Hannuwan ƙarfe ne da sifirin da shokozoba ke riƙe ta, kuma dole su riƙa hawa da sauka yayin da taya ke bin tudu da kwari. Duk inda ɗaya daga cikin waɗannan ƙarafa ya haɗu da shasi akwai gaɓa, kamar gwiwar hannun mutum. Bahaushe ya ce ƙarfe ɗaya ba ya amo. To a nan biyu ne, kuma in aka bar su suna gogar juna, amo za a sha, sannan su cinye juna. Shi ya sa ake cusa bushin a tsakani.

Ku karɓi baƙin nan ku zagaya da shi. Za ku ga bututun ƙarfe a ciki inda kusa ke ratsawa, wani bututun a waje, roba kuma ta cika tsakaninsu, a manne da kowanne. Ana son abubuwa uku daga gare shi: ya bar hannun ƙarfen ya motsa, ya hana taya kaucewa daga inda aka saita ta, kuma ya shanye girgiza kada ta kai ga fasinja. Matsalar ita ce na biyu da na uku kishiyoyi ne. Abin da ya yi tauri har ya riƙe taya gam ba ya shanye girgiza, wanda ya yi laushi har ya shanye girgiza kuma yakan bar taya ta yi rawa.

Tauri da yadda ake auna shi

A shekarar 1678 wani masanin Ingila, Robert Hooke, ya wallafa dokar da ke cewa gwargwadon ƙarfin da aka danna sifirin da shi, gwargwadon lotsawarsa. Roba ba ta bin dokar nan sak, domin tana ƙara tauri in an matsa ta da yawa, amma dokar ta ishe mu lissafin allo.

Mu ɗauka muna da bushin da ke lotsawa milimita 1 in an danna shi da ƙarfin niyuton 2,000. Direba ya sha kwana da gudu, ƙarfin niyuton 4,000 ya faɗa masa. Zai lotsa milimita 2. Idan tazarar da ke tsakanin bushin biyu na hannun ƙarfen milimita 300 ce, taya za ta karkace da wajen digiri 0.4. Mai ɗauko buhunan tattasai daga gonakin bakin Komadugu ba zai ma san an yi ba. Amma direban tsere da ke shan kwana a gudun kilomita 200 cikin awa zai ji shi a tafin hannunsa, domin taya ta juya ba da izinin sitiyari ba.

Ana auna taurin irin waɗannan kaya da ma'aunin Shore, wanda aka sa wa sunan Albert Shore na Amurka. Wata ƴar allura mai dakusasshen baki ake dannawa a jikin abin, a karanta lamba daga 0 zuwa 100. A ma'aunin Shore A, robar ɗaure kuɗi tana wajen 25, bayan tayar mota tsakanin 60 da 70. Bushin roba na mota yawanci tsakanin 50 da 70 yake, jan nan kuwa ana yin irinsa daga wajen 70 har 95. Ku danna farce a jikin kowanne, za ku ji bambancin ba sai da na'ura ba.

Roba

Asalin roba ruwan itace ne, fari kamar madara, daga bishiyar Hevea ta ƙasar Burazil, wadda yanzu ake nomawa a kudu maso gabashin Asiya da Kodebuwa da Laberiya da kudancin Najeriya. Ɗanyarta ba ta da amfani a mota: da zafi ta yi danƙo, da sanyi ta sandare. A 1839 Charles Goodyear ya gano cewa in aka dafa ta da farar wuta sai ta canza hali, kuma ya yi rajistar fasahar a 1844. Dalilin shi ne roba dogayen sarƙoƙi ce na ƙwayoyin zarra, a cukurkuɗe kamar taliya a tukunya. Farar wuta tana ƙulla sarƙoƙin da juna nan da can, sai ya zama in an ja su sun miƙe, in an saki sun koma. Ana kuma zuba mata garin baƙin kabon don ƙarin ƙarfi, shi ne ya sa take baƙa.

Ga abin da nake son ku ja wa layi. Bushin roba ba ya juyawa a kan kusa. Murɗewa yake yi. Bututun ciki yana tsaye cak, na waje yana bin hannun ƙarfe, robar da ke tsakani ita ke murɗewa ta warware. Babu abin da ke gogar wani, saboda haka ba ya son giris, kuma babu ƙofar da yashi zai shiga.

Sannan roba ba ta mayar da duk ƙarfin da aka ba ta. Wani kaso takan riƙe ta mai da shi zafi. Wanda ya taɓa ɗora hannu a kan tayar motar da ta taso daga Damagaram cikin dare ya san haka: babu rana, amma tayar da ɗumi. Wannan riƙon shi ke kashe girgiza.

Maƙiyanta uku ne, kuma duk suna nan garinmu. Zafi na farko. Masana kimiyyar haɗe-haɗe suna da kiyasin cewa duk ƙarin digiri 10 yakan kusan ninka saurin lalacewa irin wannan, mu kuwa a Afrilu da Mayu zafin inuwa ma yakan haura digiri 40, balle ƙarƙashin mota kusa da salansa. Na biyu iskar ozon, mai tsinka sarƙoƙin, ita ke kawo fason nan da kuke gani. Na uku baƙin mai da gas: in inji yana yoyo a kan bushin, robar takan sha ta kumbura ta yi laƙwas. Akwai robar kamfani irin su naitirail mai jure mai, amma wajen jure murɗa sau miliyoyi har yau robar itace ce a gaba.

Foliyuritan

Jan nan sunan abin da aka yi shi da shi foliyuritan. Otto Bayer da abokan aikinsa suka haɗa shi a Jamus a 1937. Launin rini ne kawai, akwai shuɗi da rawaya da baƙi. Ya fi roba tauri, bai damu da mai ba, ozon ba ta tsattsaga shi kamar roba. Mai shago zai ce maka ya fi na asali ƙarko, kuma ta wata fuska bai yi ƙarya ba.

Sai dai yadda yake aiki daban ne. Ba a manne yake da bututun ciki ba, juyawa yake yi a kansa kamar turmin ƙafar amalanke. Abin da ke juyawa kuwa yana son giris, in ba haka ba ya dinga kuka ƙii-ƙii. Nan ne yashin ƙasar Manga ke shigowa cikin lissafi. Yawancin yashi ma'adinin kwaz ne, wanda taurinsa 7 ne a ma'aunin Mohs, ƙarfen wuƙa kuwa wajen 5 da rabi. Giris ya haɗu da yashi, an samu abin wasa wuƙa ke nan, a daidai inda ba a so. Bututu ya side, rami ya buɗe, ƙwanƙwasa ta dawo. Wasu nau'o'in foliyuritan kuma ba sa shiri da zafi in ya haɗu da danshi, sukan rududduge, abin lura ga motar da ke ratsa taɓon fadama da damina.

Akwai wata illar da ba a cika faɗa ba. Land Cruiser samfurin 70, wadda Toyota ta fara fitarwa a 1984, tun daga 1999 ƙafarta ta gaba tana kan sifirin mai naɗi da dogayen hannuwa biyu. In taya ɗaya ta hau tudun yashi ɗayar ta faɗa rami, bushin waɗannan hannuwa ba juyawa kawai ake so ya yi ba, har da karkata gefe. Roba takan ba da kai. Mai tauri ba ya bayarwa, sai taya ɗaya ta ɗaga sama, mota ta kafe. Ƙarfin da bushin ya ƙi shanyewa kuma bai ɓace ba, ya wuce ne zuwa kunnen ƙarfen da aka yi wa walda a jikin aksil, wata rana a tarar ya tsage. Canza bushin aikin yini ne, gyaran aksil kuwa wani zance ne.

Ban ce foliyuritan ba shi da gurbi ba. A idon sifirin mai falle-falle na ƙafar baya, inda motsin juyi ne zalla kuma kaya ke da nauyi, yana aiki sosai in kusar tana da bakin ɗura giris kuma mai motar ba malalaci ba ne.

Motar tsere

A filin tsere mai shimfiɗaɗɗiyar kwalta babu gargada, babu fasinja, babu mai ƙorafin ciwon baya. Abin da ake nema kawai taya ta tsaya inda injiniya ya saita ta. Don haka akan wuce foliyuritan zuwa Delrin, wani filastik mai tauri da kamfanin DuPont ya fara sayarwa a 1960, wanda sai an koma ma'aunin Shore D kafin a auna shi. Wasu su sa nailan ko alminiyam. Ƙarshen tafiyar ita ce gaɓar ƙwallon ƙarfe da ke juyawa cikin kwasfa mai shimfiɗar Teflon, wadda kusan ba ta lotsawa ko kaɗan.

Yankinmu ya taɓa ganin motocin tsere. A 1992 tseren Dakar ya canza hanya, ya tashi daga Paris zuwa Kef Tawun ta Afirka ta Kudu, ya biyo ta Dirku da Ngigmi ya shiga Njamena, kuma Hubert Auriol ne ya ci da Mitsubishi Pajero. Abin da mai kallo a bakin hanya ba ya gani shi ne manyan motocin kayan gyara da ke biye, da makanikan da ke kwana suna kwancewa suna ɗaurawa. Rayuwar gaɓar motar tsere da awoyi ake ƙirga ta. Direban Tumur ba shi da ayari a bayansa, daga shi sai yaron mota da jak.

Lissafin gargada

Ku ɗauki alƙalami yanzu. Mu ɗauka hanyar burji ce mai gargada, tsakanin kowace kunya da ta gaba santimita 50, mota kuma tana gudun kilomita 60 cikin awa. Mita 60,000 a raba da rabin mita, an samu bugu 120,000 a awa ɗaya, wato wajen 33 a kowace daƙiƙa. Kowane bugu sai ya ratsa ta cikin bushin. In roba ce, ta rage masa kaifi. In Delrin ne, ya miƙa shi kai tsaye ga shasi da notuna da ƙashin bayan tsohuwar da ke zaune a kan buhun gero. Hukuncina ga motar wannan hanya, da ma ƙaramar motar da ba ta barin kwaltar cikin Diffa, shi ne roba mai kyau ta asali. Na ce mai kyau, domin kasuwa cike take da jabu wadda aka cika wa gari aka rage mata roba, ba ta kai damina biyu. Araha ba ta ado.

Na san za ku tambaye ni wanda ake yankawa daga tsohuwar taya. Dabara ce ta fita kunya, kuma tana kai mota gida. A kan shokozoba ko sandar hana tangaɗi babu laifi. Amma robar taya ba a manne take da bututu ba, saboda haka ba ta murɗewa, zamewa take yi, kuma ba ta dace da hannun da ke saita taya ba.

Kuskuren ɗauri

Saura abu ɗaya, wanda ya fi kashe sabon bushin fiye da zafi da yashi. Na tsaya a wani gareji na ga yaron bakanike ya ɗaura sabo yayin da mota ke ɗage a kan jak, ƙafa tana reto, ya sa dogon bututu a sifana ya ɗaure noti iya ƙarfinsa. Da aka sauke motar, hannun ƙarfen ya tashi zuwa mazauninsa, robar ta murɗe tun mota ba ta motsa ba. A haka za ta kwana ta tashi, kuma kowane rami ƙari ne a kan murɗar da take ciki. Ƙa'ida ita ce a sa noti sako-sako, a sauke mota ta tsaya da ƙafafunta a fili mai daidai, sannan a shiga ƙarƙashi a ɗaure. Foliyuritan bai damu da wannan ba tun da juyawa yake yi.

Aikin gida

Kowa ya sake lissafin gargada da gudun kilomita 40 da kuma tazarar santimita 80. Sannan ku je garejin unguwarku, ku gaida maigidan, ku roƙi tsohon bushin guda ɗaya. Ku duba ko tsagewa ya yi, ko kumbura, ko robar ce ta rabu da bututu, ku rubuta abin da kuke zaton ya kashe shi. Ku zo da shi ranar Litinin a cikin leda, kada ku ɓata mini littattafai da baƙin mai.