Darasi na Tara: Cikin Galla

Ba kowane ƙudan zuma ne yake harbi ba. A ƙasashe masu zafi akwai fiye da iri 500 na ƙudan zuma marasa harbi, kuma Hausawa suna kiran ƙananan da suka sani galla ko rakuwa. Galla takan yi gida a kogon itace ko a tsagar bango. Ba ta zuba zumarta a saƙa, sai a 'yan tukwane da take ginawa da kaki da ƙaro.

Hanyar abinci a jikin galla kashi uku ce: ta gaba, da ta tsakiya, da ta baya. Idan ta tsotsi ruwan fure, yakan bi ta wani siririn maƙoshi, ya ratsa ƙirji, ya sauka cikin wata jaka mai talewa. Sai ɗalibi ya lura da kyau a nan, domin jakar nan ba tumbi ba ce. Salka ce kawai. Abin da ke cikinta na jama'ar gida ne, da ta koma za ta amayar da shi, 'yan'uwanta su karɓa.

To, ita me za ta ci? A ƙarshen jakar akwai wata ƙofa mai leɓɓa huɗu, masu gashi kamar rariya. Leɓɓan nan sukan cafke garin fure daga cikin ruwan, su tura shi gaba, tare da ɗan ruwan da zai ishe ta. Abin da ya wuce ƙofar nan ba ya komawa. A tumbi, wato kashi na tsakiya, abinci yake narkewa ya shiga jini. Daga nan sai hanji, inda wasu siraran bututu masu aikin ƙoda suke zubar da dattin jini, jiki kuma ya tsotse sauran ruwa kafin kashi ya fita.

Tsutsar galla kuwa abin mamaki ce. Akan rufe ta a ɗaki tare da dukan abincinta, kuma tumbinta ba ya haɗuwa da hanjinta sai ta gama ci. Saboda haka ba ta ɓata abincin da take kwance a kansa.

Tambayoyi
1. Me ya sa aka kira jakar galla salka?
2. Bayyana aikin ƙofa mai leɓɓa huɗu.
3. Yi jimla da kowace kalma: kaki, maƙoshi, rariya.