Amsoshin Tambayoyinku: Me zan tanadar wa yarana ƙanana?

Wani mai sauraronmu daga Barkiya yana da gona biyu da shanu da 'ya'ya ƙanana, ya ce me ya kamata ya shirya tun yana da rai.

To Malam, Allah ya ja kwana. Fara da bashi. Rubuta wanda kake bi da wanda ake bin ka, har da gonar da ka ba da jingina ko aro, domin sai an biya bashi kafin a raba gado. Wasiyya kuwa ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yi wa magaji.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne wasiyyi, wato amintaccen da zai kula da rabon yara har su yi hankalin riƙe dukiya. A mazhabar Malikiyya uba na da ikon naɗa shi. Zaɓe shi yanzu, a rubuce, gaban shaidu biyu adilai, ka kuma sanar da uwar yaran. Inda ba a yi haka ba ne dukiyar marayu ta fi salwanta: baffa ya karɓi gona "riƙo", bayan shekara 15 ba wanda ya tuna iyakarta. Ka zagaya iyakokin da mai unguwa da maƙwabtan gona, dagaci ya sa hannu.

Sunan da ka bayar a banki a matsayin makusanci ba ya mallaka wa mutum kuɗin. Gado ne, rabawa za a yi. Kai takardunka kotun Shari'a ta Kurfi ko Dutsin-Ma, a duba maka su.