Matakai Uku na Musu Cikin Ladabi

A Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, sau da yawa Hausa ce ke haɗa Eggon da Mada da Alago da Gwandara, musamman lokacin zaɓen ƙungiyar ɗalibai. Don haka zan kawo matakai uku na yin musu ba tare da faɗa ba.

Da farko, a nemi izini: "Gafara dai." Na biyu, a yarda da daidai ɗin abokin magana: "Gaskiyarka, sai dai..." Na uku, a jingina ra'ayi ga kai: "A ganina."

A 2013 zanga-zangar rashin ruwa ta jawo asarar rayukan ɗalibai a nan. Ya kamata mu da hukuma mu saba tattaunawa tun kuka bai kai titi ba.