Yadda Ake Buga Wasan Katin Pokémon

A Japan aka fara fitar da wasan katin Pokémon a 1996, ya isa Amurka a 1999. Mutum biyu ne ke karawa, kowa da ƙunshin kati 60 cif. Katunan iri uku ne: na dodanni, na kuzari, da na masu horarwa. Ba a sa fiye da kati huɗu masu suna ɗaya, in ban da katin kuzari na asali.

Da farko a jefa kwabo don sanin mai farawa. Kowa ya gauraya katunansa, ya ɗebi bakwai. Ka duba hannunka, in akwai ƙaramin dodo irin Charmander, ka kife shi a gabanka, shi ne zai fita fage. Benci kuma yana ɗaukar dodanni biyar masu jiran lokacinsu. Idan babu ƙaramin dodo ko ɗaya, ka nuna wa abokin karawarka hannunka, ka sake gaurayawa, shi kuma ya samu damar ƙarin kati ɗaya. Daga nan kowa ya ware kati shida a gefe, a kife. Su ne ganima.

Duk lokacin da layi ya zo kanka, ka fara da jan kati ɗaya. Sai ka maƙala wa dodo guda katin kuzari, ɗaya tak a kowane zagaye. A nan wasan yake. Charmander ba ya zama Charizard da tsalle ɗaya, sai ya bi ta Charmeleon, kuma dodon da ka ajiye yanzu ba ya girma sai zagaye na gaba. Mai gaggawa yakan zuba duk kuzarinsa kan dodon fage, a kayar da shi, ya waiwaya ya tarar da benci ba kowa a shirye. Gwani kuwa yana faɗa a gaba, yana reno a baya.

Kafin ka kai hari, ka leƙa ƙasan katin abokin karawarka, inda aka rubuta rauninsa. Dodon wuta yawanci ruwa ne maganinsa, kuma bugun yakan ninka biyu. Da ka kai hari, zagayenka ya ƙare.

Kowane dodo ka kayar, ka ɗauki ganima. Wanda ya riga kwashe shidansa ya yi nasara. Haka ma idan dodannin ɗaya suka ƙare a fage da benci, ko ya zo jan kati ya tarar babu saura, an cinye shi. Saboda haka kafin ka yi sha'awar kati mai ƙyalli da tsada, ka fara koyon renon bencinka.